Me ya sa raba matsin iska da g ba ya ba da nauyin mol? Amsa ga wani ɗalibin tarminal a Maraɗi

Tambayar da ta iso ita ce: "Malam, an ba mu aikin fizik kan wata duniya da ba a faɗi sunanta ba. A doron ƙasarta matsin iska 610 Pa ne, g kuma 3,71 m/s². An ce mu nemo nauyin mol na iskar da ke wurin. Na raba 610 da 3,71 na samu 164, amma ban ga gas mai wannan nauyi ba. An ƙara da cewa zafin wurin −63 °C ne, kuma a kilomita 5 bisa matsin ya koma 385 Pa, sai dai ban san inda zan saka su ba."

Ɗana, lissafin da ka yi ba shirme ba ne. Wannan 164 yana da ma'ana, illa dai ba abin da aka tambaye ka ba ne. Matsi shi ne ƙarfin da ke danne kowace murabba'in mita. Abin da ke danne ƙasa kuwa iskar da ke bisa ce, tun daga ƙafafunka har inda ta ƙare. Idan ka raba wannan ƙarfi da g, wato ma'aunin yadda duniya ke jan abu ƙasa, ka samu yawan kilon iskar da ke jibge kan murabba'in mita guda. Ke nan a waccan duniyar kilo 164 ne. A tamu, a bakin teku, 101 325 Pa in ka raba da 9,81 za ka samu kilo 10 330, wato sama da tan goma. Da ka duba awon da amsarka ta fito da shi, da ka gane tun da wuri: kg/m² ne ya fito, alhali kg/mol ake nema.

Ka ɗauki misalin buhunan da aka jibge kan sikeli a kasuwar hatsi. Sikeli ya ce tan guda. Wannan bai gaya maka ko gero ne a ciki ko wake ba, balle nauyin ƙwaya ɗaya. In kana son nauyin ƙwaya, sai ka ɗebi tiya guda, ka auna nauyinta, ka ƙirga ƙwayoyin da ke ciki, ka raba. Haka aikinka yake. Kana bukatar nauyin iskar da ke cikin mita kib guda, kana kuma bukatar yawan mol da ke cikinsa. Waɗancan lambobi biyu da ka ajiye gefe su ne ke ba ka waɗannan abubuwa: raguwar matsi da hawa bisa ita ce ke auna tiyar, zafi kuma shi ne ke ƙirga ƙwayoyin.

Mu fara da awon tiyar. Ka yanko siririn faifan iska mai kaurin dz. Matsin da ke ƙarƙashinsa ya fi na samansa da daidai nauyin faifan, in ba haka ba da ya faɗo ko ya tashi. A rubuce:

dP = −ρ · g · dz

ρ shi ne kilo nawa ke cikin mita kib guda, abin da littafinku ke kira mas bolimik. Alamar ragewa tana nuna cewa matsi na raguwa in z na ƙaruwa. A nan kaɗai g ke shiga cikin zancen.

Ƙirgan ƙwayoyi kuma dokar gas ce da ka sani, PV = nRT. Mol ɗin da ke cikin mita kib guda su ne n/V = P/(RT). Abin lura a wannan doka shi ne ba ta damu da irin gas ba: a matsi ɗaya da zafi ɗaya, mita kib na haidurojin da mita kib na gas karbonik yawan molekil ɗinsu ɗaya ne. Nauyi ne kawai ya bambanta. Don haka ρ = PM/(RT), inda M shi ne nauyin mol da ake nema. Ka zuba wannan cikin ta farko:

dP/P = −(Mg/RT) · dz

Idan zafi bai canza ba tsakanin wuraren biyu, sai ka haɗa daga ƙasa, inda matsi yake P₁, zuwa tsawon z, inda yake P₂:

ln(P₁/P₂) = M·g·z/(R·T), wato M = R·T·ln(P₁/P₂)/(g·z)

Yanzu lambobinka. Zafi sai an mai da shi kelbin: −63 + 273 = 210 K. Tsawo sai mita: 5 000. R = 8,314 J/(mol·K). 610 raba 385 ya ba da 1,584, ln ɗinsa kuma 0,4602. A sama kana da 8,314 × 210 × 0,4602 = 803,5. A ƙasa 3,71 × 5 000 = 18 550. Rabawa ta ba da 0,0433 kg/mol, wato giram 43,3 a kowane mol. Gas ɗin da ya fi kusa shi ne gas karbonik, CO₂, mai 44,01. Duniyar da ba a faɗi sunanta ba Mars ce, g ɗinta da matsinta sun tona mata asiri.

Kada ka tsaya a kan "CO₂ ne" ka ajiye biro. 43,3 bai kai 44 ba, kuma wannan ɗan giɓi yana magana. Abin da hanyar nan ke bayarwa matsakaicin nauyi ne na duk abin da ke gauraye cikin iskar. In ka ɗauka gas biyu ne kawai, CO₂ da azot mai 28,01, sai ka rubuta 44,01x + 28,01(1 − x) = 43,3, ka samu x = 0,956. Iskar Mars kuwa kusan kashi 95 cikin ɗari CO₂ ce, ragowar yawanci azot da argon. Ka ga lissafin ya kusanto gaskiya. Amma ka lura da cewa kai ne ka zaɓi gas na biyun. Lamba ɗaya ba ta iya warware gas uku. Ko gas ɗaya tilo ne, akwai masu nauyi iri ɗaya: N₂ da CO duka 28 ne, CO₂ da N₂O da furofan duka 44 ne. Abin da ya tabbatar da kason kowane gas a Mars na'urar tantance nauyin molekil ce da kumbon Viking suka sauka da ita a 1976. A takardar jarrabawa, amsar da ta cika ita ce ka ba da M, ka ce ta fi dacewa da iskar da CO₂ ya mamaye, ka tsaya nan.

Kurakuran da ke cin maki a wannan aikin sanannu ne, kuma akwai guda biyu masu haɗari saboda amsarsu tana kama da ta gaskiya. Na farko maɓallin kalkilatiris. In ka danna log maimakon ln, za ka samu 0,1999 a madadin 0,4602, amsa ta fito 18,8 g/mol. Ɗalibi sai ya duba, ya ga ruwa 18 ne, ya rubuta "tururin ruwa" da farin ciki. Na biyu barin tsawo a kilomita. In ka saka 5 maimakon 5 000, allon zai nuna 43,3, ka rubuta g/mol a gefe, amsa ta yi daidai bisa kuskure biyu da suka share juna: abin da ka lissafa a zahiri kilo 43,3 ne a mol. Ranar da aka ba ka tsawo a mita, ko aka nemi mataki na gaba, wannan sa'a ba za ta maimaitu ba. Shi kuwa mai barin zafi a selsiyus, amsarsa za ta fito ƙasa da sifiri, nan take zai farga. Wanda ya fi wahalar kamawa shi ne mai aiki da iskar Maraɗi ya saka 35 maimakon 308, ya samu kusan 3 g/mol bai kuma tambayi kansa ba.

Akwai wata lamba da ya kamata ka saba da ita, domin tana sa ka hango amsa kafin ka taɓa kalkilatiris: H = RT/(Mg). Tsawo ne, a mita. Duk lokacin da ka hau H, matsi yana raguwa da ninkin 2,718, wato ya koma kusan kashi 37 cikin ɗari na abin da yake. A duniyarmu H yana wajen kilomita 8 da rabi a 15 °C. A Mars kusan 11 ne. A Zuhura, inda g yake 8,87, zafi ya kai 737 K, iska kuma CO₂ ce kashi 96,5, H kusan kilomita 16 ne. A Titan, watan da ke zagaya duniyar Saturn, zafin 94 K ne kawai, amma g 1,35 ne, iskar kuma yawanci azot ce, sai H ya haura kilomita 20. Gas mai nauyi da g mai ƙarfi suna matse iska kusa da ƙasa, zafi yana buɗa ta. Ka lura P ba ya cikin H ko kaɗan. Zuhura matsinta ya ninka namu sau 90 da ɗoriya, na Mars bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na namu ba, amma nauyin mol ɗinsu kusan ɗaya ne, 43 da ƴan kai. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa matsin doron ƙasa ba ya ɗauke da labarin M.

In aka ba ka ρ kai tsaye, ba ka ma bukatar g: M = ρRT/P. Iskarmu a 15 °C da 101 325 Pa tana da 1,225 kg/m³, lissafi ya ba da 28,96 g/mol. Wannan ita ce lambar busasshiyar iska: azot kashi 78,08, oksijin 20,95, argon 0,93, CO₂ wajen 0,04.

Inda maganar ke da zurfi shi ne zaton cewa zafi ba ya canzawa. A aikinka an yarda da shi saboda zafi ɗaya aka bayar. A iskar gaskiya ba haka ba ne: a duniyarmu, a kilomita goma sha ɗaya na farko, zafi na sauka da kimanin 6,5 K a kowace kilomita. Duba abin da wannan ke yi wa amsa. A teburin iskar da matuƙa jirgi ke aiki da shi, bakin teku 1 013,25 hPa ne (hPa guda Pa 100 ne) da 288,15 K, a mita 5 000 kuma 540,2 hPa da 255,65 K. ln na rabonsu 0,629 ne. In ka yi amfani da zafin ƙasa kaɗai, M zai fito 30,7, ya zarce gaskiya da kashi 6. In ka ɗauki tsakiyar zafin biyu, 271,9 K, sai ya fito 29,0. In kana son cikakken daidai, da L = 0,0065 K/m, wato saukar zafi a kowace mita, T₁ zafin ƙasa, T₂ kuma na bisa:

M = R·L·ln(P₁/P₂) / (g·ln(T₁/T₂))

wanda ke dawo da 28,96. Duk kuskuren da ka yi a T, kashinsa ne ke faɗawa kan M, domin abin da raguwar matsi ke auna a zahiri shi ne M/T, ba M shi kaɗai ba. Canjin g da tsawo ba abin damuwa ba ne a nan: kashi 0,03 cikin ɗari ne a kilomita.

Wannan haɗin M da T shi ne ya daɗe yana wahalar da masana taurari. A 1952 Jupita ta gitta gaban wani tauraro, William Baum da Arthur Code suka auna yadda haskensa ya dushe sannu a hankali cikin iskarta. Saurin dushewar ya ba su H. Ba su da ma'aunin zafi a can, sai da suka ƙiyasta T, suka samu M wajen 3. Lambar da aka sani yau kusan 2,3 ce. Ba su dace daidai ba, amma amsarsu ta isa ta nuna cewa haidurojin da heliyom ne suka cika iskar, ba metan mai 16 ko amoniya mai 17 ba. A watan Yulin 1965 kumbon Mariner 4 ya yi makamancin haka a Mars da siginar rediyo lokacin da ya shige bayanta.

Za ka iya gwada abin da hannunka a nan Maraɗi, kuma ina ganin ya fi kowane darasi zaunar da shi a kai. Wasu salula suna da ma'aunin matsi a ciki, ba duka ba. Manhajar phyphox, wadda kyauta ce, za ta nuna maka ko taka na da shi. Kana bukatar bene mai hawa uku ko huɗu da aka ba ka izinin hawa, doguwar igiya da mita ta magina, da ma'aunin zafi. Garin yana kimanin mita 370 bisa teku, saboda haka salula za ta nuna wani abu kusa da 968 hPa. g a nan 9,78 ne, ba 9,81 ba, don muna kusa da layin ikwaita da ya raba duniya arewa da kudu, a digiri 13 da rabi arewa. A 35 °C, H yana wajen mita 9 040, matsi kuma na raguwa da 0,107 hPa a kowace mita, wato hPa guda a mita tara da ɗan ƙari.

Mu ɗauka tsawon mita 12 ne, ka karanta 968,00 a ƙasa, 966,72 a bisa. ln na rabonsu 0,001323 ne. M = 8,314 × 308 × 0,001323 / (9,78 × 12) = 0,0289. Ga shi nan, 28,9. Amma duba yadda abin yake da laushi: gaba ɗaya bambancin 1,28 hPa ne. Kuskuren 0,05 hPa kawai kashi 4 ne, ya isa ya kai amsarka 27,8 ko 30. Saboda haka kada ka karanta lamba sau ɗaya. Ajiye salular a ƙasa, bar ta minti guda tana ɗauka, ka yi matsakaici. Salula ɗaya za ka yi aiki da ita sama da ƙasa, domin biyu daban na iya saɓawa da hPa guda ko fiye ko da suna gefen juna. Kada ka matse ta a hannu, kada rana ta buge ta, kada ka auna a ɗaki rufe mai fanka ko na'urar sanyi, ko inda iska ke kaɗawa da ƙarfi a gefen gini. Ma'aunin zafi kuma a inuwa, nesa da bango da kwanon rufi, a karanta shi sama da ƙasa.

Babban abin da ke lalata gwajin a ƙasashenmu shi ne matsi ba ya zama wuri ɗaya. Kowace rana yana hawa da sauka sau biyu: ya kai ƙololuwa wajen ƙarfe goma na safe da goma na dare, ya faɗi wajen huɗu na yamma da huɗu na asuba. Bayan azahar yana iya sauka fiye da rabin hPa cikin awa guda. In ka ɗauki minti goma tsakanin awon ƙasa da na bisa, ka riga ka shigar da kusan 0,1 hPa, kashi 8 na abin da kake nema. Maganinsa shi ne ka yi aikin da hantsi wajen ƙarfe goma, lokacin da canjin ya lafa, kuma ka auna ƙasa, ka hau ka auna bisa, ka sauko ka sake auna ƙasa, ka ɗauki tsakiyar awon ƙasa biyun. Maimaita sau biyar. In hadari ya taso da damina, ka bari sai wata rana, domin matsi na tsalle cikin ƴan mintoci gaban iskar hadari.

Tsawon kuwa da igiya za ka auna shi, ka ɗaura dutse a bakinta, daga inda ka ajiye salula a bisa zuwa inda ka ajiye ta a ƙasa. Kada ka yarda da tsawon da salula ke nunawa. In daga GPS ne, kuskurensa na iya kai mita da yawa. In daga ma'aunin matsi ne, ta riga ta saka 28,96 cikin lissafinta kafin ta ba ka tsawon, kai kuma ka juya ka sake "gano" 28,96 ɗin da aka ba ka. Irin wannan tarko yana cikin matsin da ake faɗa a rahoton meteyo. In ka ji 1 010 hPa a Maraɗi, ba abin da barometa ta karanta ba ne; an mayar da shi kamar garin na bakin teku, kuma da nauyin iskar da aka riga aka sani aka yi mayarwar. Ba a haɗa wannan lamba da ta salula a nemi M.

Laima ma tana taɓa amsa, ta fuskar da mutane ba su zato. Tururin ruwa 18,02 ne, ya fi busasshiyar iska sauƙi, don haka iskar damina ta fi ta hunturu rashin nauyi duk da jiki na jin akasin haka. A watan Agusta, in zafi 30 °C ne laima kuma kashi 70, tururi na ɗaukar kusan 30 hPa cikin 968, wato kashi 3 cikin ɗari na molekil. M sai ya sauka da 0,031 × (28,96 − 18,02), ya koma wajen 28,6. Da hunturu yana komawa kusa da 28,9. Ƙurar hazo da ke rufe gari, ko ta kai miligiram guda a mita kib, ba ta kai kashi ɗaya cikin miliyan na kilo 1,1 ɗin iskar ba, don haka ba ta cikin lissafi. Bambancin damina da hunturu kashi 1 ne kawai, bene mai mita 12 ba zai nuna maka shi ba. Sai da tsawo na ɗaruruwan mita, irin wanda Florin Périer ya hau a 1648 lokacin da Blaise Pascal ya sa shi ya kai bututun zaiba kan dutsen Puy de Dôme a Faransa, zaibar ta sauka da wajen santimita 8.

Wataƙila ka tambaya me ya sa ake maganar M guda ɗaya ga iska duka, alhali CO₂ da argon sun fi azot nauyi, ya kamata su kwanta a ƙasa. Guguwa da hawa da saukar iska suna gauraya su da saurin da ya fi saurin rabuwarsu, har zuwa kimanin kilomita 100. Bayan nan ne kowane gas ke bin nasa H, masu sauƙi su rinjaya a can ƙoli, M ya riƙa raguwa da tsawo. Kilomita 5 ɗin aikinka suna can ƙasa da wannan iyaka, saboda haka ka rubuta M = 4,33 × 10⁻² kg/mol, ka nuna mayar da zafi zuwa 210 K da tsawo zuwa mita 5 000 a fili, ka kuma faɗi cewa ka ɗauki zafi da g a matsayin marasa canzawa tsakanin wuraren biyu.